Kwalbar Man Keke

Ni ce na kunna talabijin ɗin, don haka idan ana neman wanda za a ɗora wa laifi, ga ni nan. Ranar Asabar ce bayan La'asar, ranar da ba na bin motar Abuja zuwa ofis, sai aka kawo wuta ba zato. A gidan hayar da muke zaune a unguwar Hashimi, in aka kawo wuta da rana kowa rikicewa yake yi, mai guga ya jona, mai caji ya jona, mai markaɗe ya hau markaɗe. Ni kuwa na ce bari in miƙe ƙafa in ga abin da duniya ke ciki. Mama tana kan kekenta na ɗinki a bakin ƙofa, tana haɗa wa wata malamar makaranta kayan zuwa coci.

Ina cikin canza tasha na faɗa kan wani shiri na yaƙi. Ba fim ba ne na 'yan wasa, hotuna ne na gaske da aka ɗauka a fagen daga, da tsofaffin sojoji zaune a kan kujera suna ba da labarin abin da ya same su. Yaƙin wata ƙasa ne can mai nisa, ƙasar rairayi, ko sunanta ban riƙe ba. Da ina da wayo da na wuce abina. Autanmu soja ne, wata bakwai ke nan da aka tura su daji can arewa maso gabas, kuma a ɗakinmu akwai wata doka da ba wanda ya kafa ta da baki: ba ma kallon abin da ke da kaki a ciki. Amma na tsaya, Mama ma ƙafarta ta tsaya a kan keke.

Wani dattijo ne mai furfura aka nuno, yana magana yana kwatantawa da hannu, kamar yana jan wani abu da ya ƙi janyuwa. Can sai muryarsa ta karye, ya cire tabarau yana goge ido.

"Ke, me ya sa ƙaton mutum kuka?" in ji Mama. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce sunana tun ina goye.

Mama ba ta jin Turanci, ni ce tafintarta a asibiti da gaban talabijin. Na so in ce mata tuna gida ya yi. Amma bakina ya riga ni. Na ce mata bindigarsa ce ta cije ana tsakiyar faɗa, ya ja, ya buga, ta ƙi tashi, abokinsa da ke gefensa kuma bai dawo gida ba. Na ƙara da abin da ya faɗa bayan haka, cewa an ba su bindigogin ne ba tare da kayan gogewa ba, ko ɗigon mai babu.

"Cijewa?" in ji ta. "Kamar keke?"

Kafin in amsa aka ɗauke wuta. Duk gidan ya yi tsaki a tare, mu kuma muka zauna muna kallon baƙin gilashi.

Ni a raina abin da ya dame ni shi ne hawayen dattijon. Mama kuwa ba ta tsaya nan ba. Duk tsawon watannin nan ba ta da abin yi wa Auta sai addu'a da sadakar ƙosai ranar Juma'a, saboda yaƙi ba abin da ta sani ba ne. To ga shi yau an kawo mata yaƙin daidai inda ta fi kowa iyawa. Da keken nan ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Ta san kukansa idan yana jin ƙishin mai, ta san yadda yake cijewa ana gobe Sallah da kayan mutane a baki. Ƙarfe ne yake gogar ƙarfe, in ji ta, ko a keke ko a bindiga, kuma ba a taɓa yin ƙarfen da ya fi ƙarfin mai ba.

Na ce, "Mama, wannan fa tsohon yaƙi ne, kuma ba a ƙasarmu ba. Su Auta ana ba su komai."

"Ke kika ba su?"

Gaskiyarta, ba ni na ba su ba.

A gidan akwai mutum ɗaya da ya kamata mu tambaya, wato Baba Saje, tsohon soja mutumin Filato, wanda ɗakinsa ke kallon namu. Shi ya koya wa Auta gyara takalmi har ya yi ƙyalli tun kafin ya shiga aikin. To amma lokacin haƙar doya ne, ya tafi gonarsa can wajen garin Gawu Babangida, kuma in ya tafi gona wayarsa hutu take yi. A satin nan kuma wani abokin aikin Auta da ya zo ganin iyalinsa a unguwar Chaza zai koma, ya aiko cewa in akwai saƙo a kawo kafin Talata.

Mama ta haɗa saƙo kamar yadda ta saba: dambun nama, ƙuli-ƙuli, yaji. Sannan ta ɗauko wata kwalbar maganin tari da ta ƙare, ta wanke ta da ruwan zafi, ta shanya ta a rana yini guda. Ta ɗauko babbar gorar man kekenta ta tsiyaya har wuya. Ta rufe, ta ɗora guntun leda a kan murfin, ta naɗe wuyan da jan zare, ta ƙulle da irin ƙullinta na teloli da ba ya kwancewa sai da reza. Tana yi tana ba ni bayani kamar ni ce zan harba bindigar: ɗigo biyu da safe, duk inda ƙarfe ke motsi, kada ya yi rowa.

Ni na hau babur na kai saƙon Chaza. Na tuna har dariya na yi da nake miƙa wa mutumin, na ce masa Mama ta shiga aikin soja ta bayan gida. Shi ma ya yi dariya ya cusa kwalbar a jaka. Ban ji komai a raina ba, ban da daɗin ganin Mama ta ci abinci sosai ranar.

Matsalar ta faro ne daga shegen son sanina. Ranar Laraba a ofis, aiki ya yi sauƙi, na ce bari in nemo shirin nan a waya in ga ƙarshensa. Na same shi. Ashe abin da muka gani bai kai rabi ba. Bayan dattijon mai kuka sai aka kawo wani, shi wannan fuskarsa ba alamar wasa, ya ce su mai ne ya kusa ƙarar da su. A ƙasar rairayi, in ji shi, in ka shafa wa bindiga mai, ƙura ce take bin man ta manne, su haɗu su zama taɓo a cikinta, sai ta cije a lokacin da kake tsananin bukatarta. Su a bushe suke barin nasu.

Ban gama farfaɗowa ba aka kawo na uku, ya ce ƙarya ne, a zuba mai da yawa shi ne daidai, man ne ke wanke ƙurar. Na huɗu ya ce ba laifin mai ba ne ko rashinsa, harsashin ne ba shi da kyau. Dukansu sun je yaƙin, dukansu sun binne abokai, kowa kuma yana magana kamar zai rantse. Sai na gangara ƙasa wajen sharhin masu kallo, nan kuwa na tarar da kasuwa. Mutanen da na tabbata ko bindigar kwali ba su taɓa riƙewa ba suna ta zagin juna a kan wace ce ba ta taɓa cijewa. Na kashe wayar na zauna ina kallon bango, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko zazzaɓi nake yi.

Na kira Auta a motar dawowa, a cikin cunkoson shiga gari. Ba ta shiga. Na kira abokin aikin nasa na Chaza, tasa wayar ma a kashe. Wannan ba sabon abu ba ne, inda suke sai su yi sati uku ba sabis, in sun samu kuma sai an hau tudu. Na tura wa Auta saƙo: kada ka yi amfani da man nan. Na sake karantawa, na tuna da dattijo na uku, na tura wani: ka tambayi manyanku tukuna. Duka biyun suka tsaya a wayata ba su tafi ba.

Na yanke shawarar ba zan gaya wa Mama ba. Na riƙe bakina kwana huɗu, wanda a wajena babban aiki ne. Ranar Lahadi da hantsi Baba Saje ya dawo da buhun doya a bayan babur, ya aje mana guda uku a ƙofa kamar yadda ya saba. Na bi shi har bakin famfo inda yake wanke ƙafa, na rage murya na zayyana masa komai.

Hausar Baba Saje ta bariki ce, mace da namiji duk "ka" ne, kuma bai san ana rage murya ba, kunnensa ɗaya ya mutu tun a bakin aiki.

"Man keke? Ka aika man keke a bindiga?"

"Baba, a hankali."

"Wane irin bindiga ne an ba shi?"

Ban sani ba. Wallahi ban taɓa tunanin tambaya ba. A wajena bindiga bindiga ce.

"To ka gani! Akwai wanda ko ka binne shi a taɓo, ka ciro, zai yi aiki. Akwai wanda yana son gata kamar amarya. A daji mai ruwa mun sa mai, har man gyaɗa mun sa, babu komai. Amma wurin yashi, in ka cika mai, ya sha ƙura, finish. Sai dai ka riƙe shi kamar sanda."

"To inda su Auta suke, yashi ne ko daji?"

Ya sosa ƙeya. "Duka biyu ne. Ya danganta da wane wata ne."

Na juyo ke nan na ga Mama tsaye da bokiti a hannu. Ban san tun yaushe take wajen ba, amma fuskarta ta gaya mini ta ji abin da ya isa. Baba Saje ya daburce, ya hau gyara magana, yana cewa yaron yana da hankali, an koya musu, soja ba ya sa abin da ba a ba shi ba. Mama ta ce masa, "Auta bai taɓa tsallake maganata ba, Saje. In na ce ɗigo biyu da safe, ɗigo biyu zai sa." Abin da take alfahari da shi tun yana ƙarami, ranar shi ne ya zame mata abin tsoro.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ɗauki babbar gorar man ta kai ta bayan kicin, ta tura ƙarƙashin tarin gawayi. Daga ranar ba ta ƙara ɗiga wa kekenta mai ba. Ta ci gaba da ɗinki, don masu kaya ba su san da wani yaƙi ba, amma keken ya fara kuka, ƙii-ƙii, kullum yana ƙaruwa, har maƙwabta suka fara tambaya. Na ce mata za ta kashe shi. Ta ce a bar shi.

Ni kuma na zama ƙwararriya a abin da ban sani ba. Na kalli shirin nan ya fi sau biyar, ina neman wanda zan yarda da shi a cikin dattawan huɗu. Yau in kwana da na uku in tashi da ƙarfin gwiwa, gobe in tuna fuskar na biyu. Na tambayi ɗan sandan da ke tsaron ƙofar ofishinmu, ya ce shi tasa tun da aka ba shi bai taɓa harba ta ba. Na tambayi wani maharbi da ke kawo naman daji unguwarmu, ya ce shi da man ja yake shafe tasa, kuma ai komai sai Allah ya so. Kowa na tambaya sai ya ƙara mini wata hanya, ban samu wanda ya rage mini ko ɗaya ba. Wani lokaci haushi ya kama ni, in ji kamar in nemo waɗanda suka shirya shirin in tambaye su: tun da ba ku san amsa ba, me ya kai ku ɗakinmu?

Sati na biyar da tafiyar saƙon aka kira ni ina ofis, baƙuwar lamba. Muryar Auta ce, a shaƙe. Ya ce kada in tayar da hankali, yana asibitinsu, an yi musu kwanton ɓauna, harsashi ya same shi a cinya amma bai taɓa ƙashi ba. Ya ce in lallaɓa Mama. Abin kunya ne in faɗa, amma bayan alhamdulillahi, tambayar da ta fara zuwa bakina ita ce ta man keke. Na haɗiye ta.

Mama da na gaya mata ta yi sujada a tsakar ɗaki. Ta ɗago, ta kalle ni, ta buɗe baki, ta rufe. Na san tambayar, ita ma ta san na sani. A waya ta yi magana da shi kusan kullum har aka sallame shi, ta tambaye shi abinci, ta tambaye shi barci, ba ta taɓa kusantar wajen ba. Abinci kuwa ita ta daina cin na kirki, zoben hannunta har juyawa yake.

An kawo shi gida wata ranar Alhamis da azahar, da sanda a hammata, ya rame ya yi baƙi. Gidan ya cika, Baba Saje ya sara masa yana hawaye, malamar makaranta ta kawo farfesu. Sai da aka watse, ya rage mu uku a ɗaki, Mama ta zauna a kan kujerar keke ta juya masa rabin baya, tana wasa da almakashi.

"Auta, man nan da na aiko."

"Na'am, Mama."

"Ka sa?"

Ban san abin da na Chaza ya gaya masa ba, ko saƙonnina biyu masu karo da juna sun isa daga baya. Ya ce, "Ko buɗe shi ban yi ba, Mama. An hana mu sa wani mai in ba nasu ba. Ki yi haƙuri."

Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ce, "Madalla. To a dawo mini da abina, keke yana bukata."

Ya ce yana cikin jaka. Sannan ya kalle ni, kallon da tun muna yara yake yi mini in ya fasa wani abu. Na miƙe na ce zan ɗauko.

Jakar tana baranda. Na zuge, na tura hannu ƙarƙashin kayansa, na ciro kwalbar a cikin safa. Jan zaren babu shi, ledar babu ita. Man kuma rabi ne.

Na tsuguna a wajen da kwalba a hannu, kaina yana ta kawo mini bayani. Wataƙila tsiyayewa ya yi a hanya, sai dai safar a bushe take. Wataƙila wa wani ya ba. Wataƙila zif ɗin jaka ya shafa wa, ko ƙafarsa da ta tsage. Wataƙila kuma ɗigo biyu ne kowace safiya, kamar yadda aka umarce shi, kuma bindigar ta yi aiki lafiya lau, man ne ma ya sa ya dawo da ransa. Ko kuma ta cije. Duk cikinsu ba wanda ya fi wani ƙarfi a raina, kamar dai dattawan nan huɗu.

Na zagaya bayan kicin, na tono gorar daga ƙarƙashin gawayi, na cika kwalbar har wuya. Garin sauri, man ya zubo mini a yatsu. Na yagi leda, na tsinko jan zare daga bakin wani tsohon ɗankwali da ke kan igiya, na naɗa na ƙulla iyakar iyawata. Ni 'yar tela ce amma ban gaji hannun ba, ƙullin ya fito kamar na ɗaurin daddawa. Na goge kwalbar da zanina na shiga da ita.

Mama ta karɓa. Ta ɗaga ta saitin taga, ta ga man har wuya. Ta juya ta a hankali, ta tsaya a kan ƙullin. Ta daɗe a kansa. Auta yana kallon silin, ni ina kallon ƙafata.

Ba ta nemi reza ba, da farce ɗaya ta ja zaren ya warware. Ta buɗe, ta karkatar da kan keken, ta bi ramukansa ɗaya bayan ɗaya, ɗigo biyu, ɗigo biyu. Ta taka. Ya yi ƙii sau biyu, sannan muryarsa ta dawo irin wadda muka tashi da ita. Ta jawo atamfar da ke jira ta sa a ƙarƙashin allura.

"Ke," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba, "je ki wanke hannunki da sabulu kafin ki taɓa kayan mutane."